Yadda Ake Gwajin Tasirin Serotonin da Estrojin a Kan Homon ɗin Haihuwa a Jikin Ɓera, Mataki-Mataki

Ɗaliban digiri na biyu a sashen fisiyoloji, da na harhaɗa magunguna, da na likitancin dabbobi sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: an ba su batun serotonin da estrojin da homon ɗin haihuwa, sun karanta takardu har sun gaji, amma ba su san ta inda za su kama aikin da hannu ba. Wasu ma sun riga sun sayi ɓeraye kafin su yi tambayar. Ga tsarin aikin daga farko har ƙarshe, kamar yadda za a iya yin sa a ɗakin dabbobi irin namu, da wutarmu da zafinmu.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. A jikin macen ɓera, homon ɗin LH, wanda ke sa gidan ƙwai ya saki ƙwai, ba ya zama a mataki ɗaya. Yana kwance ƙasa kusan kullum, sai a yammaci guda cikin kwana huɗu ko biyar ya yi ambaliya, ya ninka sau goma ko fiye, cikin 'yan sa'o'i kuma ya sauka. Estrojin ne ke share fagen wannan ambaliya, agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa ne ke sa mata lokaci, serotonin kuma yana cikin masu isar da saƙon. Saboda haka wannan aiki na agogo ne. Wanda ya ɗebi jini da hantsi yana neman abin da ke faruwa bayan la'asar ya yi aikin baban giwa, komai tsadar kayan da ya saya.

1. Tsara rukunoni, ka nemi izini

Kada ka sayi ko ɓera ɗaya sai ka rubuta rukunoninka a takarda. Tambayar da kake yi mai kai biyu ce: me serotonin ke yi idan akwai estrojin, me yake yi idan babu. Don haka rukuni huɗu su ne ƙashin bayan aikin, duka an cire musu gidan ƙwai:

Na ɗaya, mai zalla (man da ake narkar da estrojin a ciki, amma babu estrojin) da ruwan salin, wato ruwan gishirin asibiti. Na biyu, mai zalla da maganin da ke ƙarar da serotonin. Na uku, estrojin da ruwan salin. Na huɗu, estrojin da maganin ƙarar da serotonin.

Idan aljihu ya yarda, ƙara na biyar, wanda za a ba estrojin, a ƙarar masa da serotonin, sannan a mayar masa da shi. Wannan rukuni ne ke rufe bakin mai jarrabawa idan ya tambaye ka ta yaya ka san rashin serotonin ne ya jawo abin da ka gani, ba wata illar magani ba. Na shida shi ne waɗanda aka yi wa tiyata aka ɗinke ba tare da an cire komai ba. Ɓera shida zuwa takwas a kowane rukuni. Ƙasa da shida, LH yana da yawo sosai tsakanin dabba da dabba, lissafinka ba zai nuna komai ba.

Da wannan tsari za ka je kwamitin ɗa'ar amfani da dabbobi na jami'arku, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take da shi. Ka karɓi lambar amincewa kafin ka fara. Mujallu masu daraja ba sa karɓar takarda babu ita, kuma ba a neman ta bayan an gama.

2. Lissafin kuɗi

Farashi yana bin dala, duk adadin da na rubuta yau zai tsufa kafin ka karanta. Abin da ba ya canzawa shi ne inda kuɗin ke tafiya. Ɓeraye da abincinsu da keji ba su ne masu cin kuɗi ba. Kit ɗin ELISA ne, wato kayan awon homon a jini, sai PCPA, maganin ƙarar da serotonin, da estradayol, nau'in estrojin da za a yi amfani da shi, da ake odarsu daga waje.

Yi lissafin haka. Faranti ɗaya na ELISA yana da ramuka 96. Ma'aunan da ke zuwa da kit ɗin za su ci kusan 16, kuma kowane samfuri sau biyu ake zuba shi, saura wurin samfuri 40 ke nan. In kana da rukuni shida na ɓera takwas, ɓeraye 48, kowacce jini biyu, na safe da na yamma, samfuri 96 ke nan, kit uku na LH kaɗai. In ka koma rukuni biyar na ɓera shida, samfuri 60, kit biyu sun isa har da rara. Kafin ka ce za ka ƙara da sauran homon ɗin haihuwa, wato FSH da furolaktin da estradayol da furojestaron duka, ninka wannan lissafi sau biyar ka ga ko za ka iya. Shawarata, a auna LH da kyau ya fi a auna homon biyar a gurguje.

Gargaɗi: kada ka ɗauki kit ɗin LH na mutane daga lab ɗin asibiti don ya fi araha. LH da FSH da furolaktin sunadarai ne masu gina jiki da suka bambanta tsakanin mutum da ɓera, kit ɗin mutane ba ya kama na ɓera yadda ya kamata. Ka duba a jikin kwalin an rubuta na ɓera ne. Ka kuma tambayi dillali yadda za a kawo shi cikin sanyi, da ranar da zai lalace. Oda takan ɗauki makonni, don haka ka yi ta tun kafin ɓerayen su iso.

3. Sayen ɓeraye da shirya ɗakinsu

Mata zalla, nau'in Wistar ko Sprague-Dawley, 'yan mako 10 zuwa 12, nauyi tsakanin giram 180 da 220, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Ka saya daga wurin da ke da rajistar haihuwa, kamar ɗakin dabbobi na jami'a ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Nauyi ba ya nuna shekaru. Tsohuwar ɓera da ba ta ƙoshi ba za ta iya yin giram 200, kuma daga wajen wata goma zuwa sha biyu zagayen mace ke fara rikicewa. Ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar a kan adadin da kake buƙata, don wasu za su faɗi a tantancewa.

Yanzu batun haske, wanda shi ne ya fi kashe irin wannan aiki a wajenmu. Ana son sa'a 12 haske, sa'a 12 duhu, ba sauyi: a kunna ƙarfe shida na safe, a kashe shida na yamma. Sayi taima ka haɗa da fitila mai aiki da batir ko sola, yadda ɗauke wuta ba zai taɓa ta ba. Ka toshe tagogi da baƙin leda ko kwali. A arewacin Najeriya tsawon yini bai cika nisa da sa'a 12 ba duk shekara, shi ya sa wasu ke dogara da hasken taga, amma fitilar tsaro da ke waje ko wanda ya shigo da dare ya kunna wuta ya manta sun isa su ɓata lissafi. Ɓeran da aka bari cikin haske dare da rana takan daina sakin ƙwai gaba ɗaya, ta maƙale a matakin estrus, wato lokacin barbara. Manna takarda a ƙofa, ka kuma yi magana da mai gadi da mai shara baki da baki.

Zafi: ana son ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 26. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato ke haura 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya ba wurin wannan gwaji ba ne. Idan ba ka da iko da zafin, tsara aikinka ya faɗo cikin damina ko hunturu, ka rataye ma'aunin zafi kana rubutawa safe da yamma.

Abinci: da yawa suna ba da abincin kaji, wanda yawanci akwai waken suya a ciki, waken suya kuma yana ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon estrojin. Ga wanda ke son ɓera marar estrojin ko kaɗan, wannan matsala ce. In za ka samu abinci marar waken suya, shi ne daidai. In ba za ka samu ba, sayi buhunan da za su kai ka ƙarshe a lokaci guda, kowane rukuni ya ci iri ɗaya, ka kuma faɗi haka a rubutunka. Gorar ruwa ta gilashi ta fi ta roba. Shimfiɗa kuwa ɓawon katako busasshe, a canza sau biyu a mako.

Gargaɗi: toshe duk ramin da ɓeran gida ko na daji zai bi ya shigo, ka rufe abinci a durom mai murfi. Ban da cutar da za su sa wa dabbobinka, ɓeran daji ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Ka bar su mako biyu su saba da wuri. A cikin makonnin nan, kullum ka ɗauki kowacce a hannu na minti ɗaya ko biyu, ka shafa ta, ka taɓa wutsiyarta. Ranar ɗibar jini za ka ga amfanin wannan.

4. Bibiyar zagayen barbara

Wasu za su ce tunda za a cire gidan ƙwai, me ya kawo wannan wahala? Dalili shi ne kana son tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar kowace ɓera tana iya yin ambaliyar LH tun asali. Wadda zagayenta bai daidaita ba, ba ka san me ke damunta ba, kada ta shiga gwajinka.

Kayan aiki: ruwan salin na kashi 0.9, ƙaramin fifet na roba mai santsin baki, gilasan silaid, madubin maikuroskof, da littafi. Kullum tsakanin ƙarfe takwas da tara na safe. Riƙe ɓerar da hannu ɗaya, ɗaga gindin wutsiya, ɗora bakin fifet a ƙofar farji kawai, ka tura ɗigon ruwan ka zuƙo shi sau biyu ko uku, ka ɗiga a kan silaid. Ana iya dubawa da ɗanyensa a ƙaramin gilashi na 10, a rage haske. In kana son ajiyewa don hoto, bari ya bushe ka rina da shuɗin metilin ko Giemsa.

Abin da za ka gani iri huɗu ne. A furo'estrus, wato jajibirin barbara, ƙwayoyi ne zagayayyu masu cibiya a tsakiya, sau da yawa a cure wuri ɗaya. A yammacin wannan rana ake ambaliyar LH. A estrus, manyan ƙwayoyi ne masu kusurwa, shimfiɗaɗɗu, babu cibiya, sun cika fili. A metestrus, gauraye ne, fararen ƙwayoyin jini ƙanana sun fara kutsowa tsakanin manyan. A dayestrus, wanda ya fi kowanne tsawo, ya haura kwana biyu, kusan duk filin ƙananan fararen ƙwayoyin jini ne. Bi kowace ɓera kwana 12 zuwa 15, ka riƙe waɗanda suka yi zagaye biyu ko uku a jere na kwana huɗu ko biyar.

Gargaɗi: kada ka zurfafa fifet. Idan ya taɓa bakin mahaifa, jikin ɓerar zai ɗauka an yi barbara, ta shiga cikin ƙarya na kusan kwana 12, kullum kana ganin dayestrus kana mamaki. Kuma kowace ɓera da nata fifet ɗin, ko a wanke sosai tsakani.

5. Tiyatar cire gidan ƙwai

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka taɓa yi ba, nemi likitan dabbobi ko ƙwararren ma'aikacin lab ya yi na farko kana kallo, ka gwada a kan gawar ɓera, sannan ka taɓa mai rai yana tsaye a kanka.

Maganin barci da aka saba shi ne ketamin miligiram 75 zuwa 100 a kowane kilo, haɗe da zailazin miligiram 5 zuwa 10 a kowane kilo, a cikin kogon ciki. Ketamin magani ne da doka ta sa wa ido, ta hannun likita ake samunsa. Auna nauyin kowace ɓera a ranar, kada ka yi ƙiyasi. Ba sai an hana ta abinci ba, ɓera ba ta amai. Matse yatsan ƙafarta na baya. In ta janye, ba ta yi nisa ba, jira. Shafa mata man ido, domin idonta a buɗe yake zama ya bushe.

Aske bayan daga ƙarshen haƙarƙari zuwa ƙugu, goge da aidin da barasar asibiti. Tsaga fata kamar santimita ɗaya da rabi a tsakiyar baya, ja ta gefe, huda tsoka ƙasa kaɗan da haƙarƙari na ƙarshe. Za ka ga farin kitse. Jawo shi a hankali, gidan ƙwan yana ciki, ɗan jajaja mai gudaji-gudaji. Ɗaure tsakaninsa da ƙarshen ƙahon mahaifa, yanke, duba babu jini, mayar da sauran. Haka a ɗaya gefen. Ɗinke tsoka da zare mai narkewa, sannan fata.

Gargaɗi: kada ka kama gidan ƙwan kansa da hantsaki. In ya fashe, ɗan guntun da ya rage a ciki zai iya kamawa ya ci gaba da fitar da estrojin, ka zauna da ɓerar da kake zaton babu komai a jikinta alhali akwai.

Bayan tiyata a kwantar da ita wuri mai ɗumi har ta farfaɗo, ita kaɗai, a ba ta maganin ciwo kamar meloksikam miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo a ƙarƙashin fata, na kwana biyu ko uku. Dabba ce mai jin zafi kamar kowa, amana ce a hannunka, kuma ciwo da kansa yana danne LH. Hana ta maganin zalunci ne, kuma ɓata sakamako ne.

Jira kwana 14. Daga rana ta bakwai ka riƙa duba ruwan farji: ya kamata ka ga fararen ƙwayoyin jini kawai. Duk wadda ta nuna manyan ƙwayoyin estrus, cire ta daga gwaji.

6. Mayar da estrojin

Hanya biyu ce. Ta farko, ɗan bututun Silastic da ake cika shi da estradayol narkakke a man riɗi, a toshe bakinsa biyu, a jiƙa shi kwana guda kafin a dasa a ƙarƙashin fatar wuya. Shi ne ya fi, domin yana sakin homon ɗin a hankali. Legan da Karsch sun nuna a 1975 cewa ɓerar da aka cire wa gidan ƙwai aka dasa mata irin wannan bututu takan yi ambaliyar LH kowace yamma, ba sau ɗaya a kwana huɗu ba, ko da yake ƙarfinta na raguwa da tafiyar kwanaki. Shi ya sa ake ɗibar jini a rana ta biyu ko ta uku bayan dashe.

Ta biyu, allurar estradayol benzowet a cikin mai, a ƙarƙashin fata, maikurogiram 5 zuwa 20 ga kowace ɓera gwargwadon takardar da kake bi. Wasu sukan biyo da furojestaron bayan sa'a 48 zuwa 72, da tsakar rana, don ambaliyar ta yi ƙarfi a yammacin. Yana aiki, sai dai ka sani ka ƙara homon na biyu a tambayarka, dole taken aikinka ya nuna haka.

A nan ne lissafi ke kayar da mutane, domin maikurogiram ake magana, ba miligiram ba, kuma sikelin lab ba ya iya auna maikurogiram goma. Yi haka: auna miligiram 10, narkar a mililita 10 na mai, ka samu miligiram 1 a kowace mililita. Ɗebi mililita 1 daga ciki ka zuba a mililita 9 na sabon mai, ka samu maikurogiram 100 a kowace mililita. Allurar mililita 0.1 daga wannan ita ce maikurogiram 10. Ka sa wani ya sake bin lissafin da biro. Wanda ya tsallake tsarmawa ta biyu ya ba da ninki goma, kuma estrojin da ya wuce kima na tsawon lokaci ba ya ba da hoton abin da jiki ke yi. Man kuwa na lab ake nema, tatacce, ba na kasuwa ba. Rukunin da ba sa samun estrojin su ma a yi musu allurar man zalla ko a dasa musu bututu mai man zalla, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya.

Gargaɗi: estradayol yana ratsa fata. Safar hannu dole ce, kuma 'yar'uwa mai juna biyu ko mai shayarwa ta bar wa wani awon garin da haɗa shi.

7. Taɓa serotonin

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne sayen serotonin a yi wa ɓera allurarsa a ciki ana jiran ya yi aiki a ƙwaƙwalwa. Ba ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Zai taɓa hanji da jijiyoyin jini, amma ba zai kai inda ƙwayoyin GnRH, homon ɗin ƙwaƙwalwa da ke sa a saki LH, suke ba. Ana bi ne ta bayan gida.

Don ƙarar da shi, ana amfani da PCPA, wanda ke toshe sinadarin da ke fara ƙera serotonin daga tiriftofan. Adadin da aka fi amfani da shi miligiram 300 ne a kowane kilo, a kogon ciki. Serotonin na ƙwaƙwalwa yakan kai ƙasa sosai bayan kwana biyu zuwa uku, ya ɗauki wajen mako biyu kafin ya dawo. Don haka ka ba da shi a ranar da ka dasa estrojin, ranar ɗibar jini ta faɗo daidai lokacin da duka biyun ke kan ganiyarsu. Wajen oda ka nemi nau'in metil esta haidurokulorayid, shi ne ke narkewa a ruwa. Ɗayan sai ya bar ka da gari kwance a gindin kwalba. Ɓera mai giram 200 tana buƙatar miligiram 60. In ka haɗa miligiram 30 a kowace mililita, mililita 2 ke nan, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata a zuba a cikinta. Ruwan yana da tsami, a daidaita shi kafin allura, a kuma haɗa sabo a ranar. Ɓerayen da suka sha PCPA sukan yi saurin firgita, barcinsu ya ragu, cinsu ya ragu. Ka riƙa auna nauyinsu kullum, ka kama su da lallami.

Don mayar da shi a rukuni na biyar, 5-HTP ake bayarwa, domin shi yana shiga ƙwaƙwalwa a mayar da shi serotonin a can, ta bayan inda PCPA ya toshe. Héry da Laplante da Kordon a Faransa sun nuna a 1976 cewa PCPA yana kashe ambaliyar yamma a ɓerayen da aka dasa wa estrojin, 5-HTP kuma yana iya dawo da ita. Aikin Coen da MacKinnon na 1979 ya ƙara da cewa sa'ar da aka ba da shi tana da tasiri, ba kowane lokaci yake dawo da ita ba. Saboda haka ka ɗauki sa'a da adadi daga takarda guda, ka tsaya a kansu ga kowace ɓera. In ka ga tana karkarwa, tana girgiza kai da jiki, adadin ya yi yawa.

Ka ware ɓeraye huɗu ko biyar ka yi gwajin share fage da estrojin kaɗai kafin babban aikin. In ambaliyar ba ta fito a hannunka ba tare da PCPA ba, babu abin da za ka ce PCPA ya kashe.

8. Ranar ɗibar jini

Shirya komai tun daren jiya: kwalabe masu lamba, sirinji, ƙanƙara, man janareta, da mutum biyu da za su taya ka. Ɓera mai giram 200 tana da jini kusan mililita 13 a jikinta, kuma ba a ɗibar fiye da kashi goma cikin ɗari a yini daga wadda za ta ci gaba da rayuwa, wato kamar mililita 1.3.

Jinin safe tsakanin ƙarfe tara da goma, daga jijiyar wutsiya, mililita 0.3 zuwa 0.4, bayan an ɗumama wutsiyar a ruwan ɗumi. Ba maganin barci. Everett da Sawyer sun gano tun 1950 cewa allurar barci ta fentobabital, in aka yi ta da farkon yammacin furo'estrus, tana hana ambaliyar gaba ɗaya ta ɗage sakin ƙwai da kwana guda. Tsakanin azahar da la'asar saƙon ke fita daga ƙwaƙwalwa, don haka a wannan tsakani kada kowa ya shiga ɗakin, kada a canza shimfiɗa, kada a ja keji.

A tsarin hasken shida zuwa shida, ambaliyar takan kai ƙololuwa daga bayan la'asar zuwa dab da kashe fitila. Jini ɗaya zai iya kuskure ta. In kit ɗinka yana aiki da ɗan ƙaramin samfuri, ɗebi kaɗan ƙarfe huɗu, biyar, da shida. In sau ɗaya kawai za ka iya, ƙarfe biyar, kuma gwajin share fagenka ne zai tabbatar maka da sa'ar.

Kada ka gama rukuni ɗaya sannan ka shiga na gaba. In ka yi haka, na farko an ɗebe su ƙarfe huɗu da rabi, na ƙarshe ƙarfe shida, bambancin da za ka gani na agogo ne ba na magani ba. Ɗauki ɗaya daga kowane rukuni bi da bi, kana rubuta minti. In sun yi yawa, raba aikin kwana biyu ko uku, kowace rana da wakilan kowane rukuni.

Jinin ƙarshe ana ɗibarsa daga zuciya bayan barci mai nauyi, da sauri, sannan a tabbatar ta mutu ta hanyar da kwamiti ya amince. A yi shi a wani ɗaki dabam, kada sauran su ji ƙara ko warin jini. Kulorofom ba abin amfani ba ne, yana cutar da dabba da mai aikin. In furolaktin na cikin abin da za ka auna, ka sani yana tashi cikin 'yan mintoci da an tayar wa ɓera hankali, serotonin da estrojin kuma duka suna ɗaga shi, don haka sai an saba da hannu sosai kafin adadin ya zama abin dogaro.

9. Siram, mahaifa da ƙwaƙwalwa

Cire allura daga sirinji kafin ka tura jini a kwalba, a hankali ta gefe, don kada jajayen ƙwayoyi su fashe. Bari ya daskare minti 30, juya a santirifuj gudun 3000 na minti 10 zuwa 15, kwashe siram, wato ruwan da ya taso sama, ka raba shi kwalba biyu. Ajiye a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Narkewa da sake daskarewa suna lalata LH, kuma firizar da wuta ke ɗaukewa tana yin haka ba wanda ya sani. Nemi wadda ke kan sola ko janareta mai tsayawa, ka cika gefenta da robobin ƙanƙara, kwalba ta biyu kuma ka kai ta wata firizar dabam.

Kafin ka zubar da gawa, ciro mahaifa, share kitsen, auna nauyinta. Wadda ba ta samu estrojin ba za ka same ta siririya fara. Wadda ta samu, ta kumbura ta yi ja, sau da yawa da ruwa a ciki. Wannan awo kyauta ne, kuma sau da yawa ya fi kit ɗin estradayol gaskiya, domin estradayol na ɓera kaɗan ne ƙwarai, kit da yawa ba sa ganinsa da kyau.

Don tabbatar da PCPA ya yi aiki, ƙwaƙwalwa za ka auna. Kusan kashi 90 cikin ɗari na serotonin na jiki a hanji ake yin sa, wanda ke cikin jini kuma ba ya ba da labarin ƙwaƙwalwa. Ciro ƙwaƙwalwar cikin minti biyu ko uku, a kan ƙanƙara, yanko haifotalamus, sashen gindin ƙwaƙwalwa da ke sarrafa homon, daskarar nan take, a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili in akwai. Na'urar HPLC ce ta fi dacewa da awon. In babu, kit ɗin ELISA na serotonin a kan niƙaƙƙen naman zai wadatar. Gawarwaki a ƙone su ko a binne da zurfi, kada a jefa a bola inda kare ko mage za su ci.

10. ELISA da karanta sakamako

Fito da kit ya huce zuwa zafin ɗaki kamar yadda takardarsa ta ce. Rarraba samfuran kowane rukuni a kan kowane faranti, kada faranti ɗaya ya zama na rukuni ɗaya. In zai yiwu, wani ya rufe lambobin yadda ba ka san na wane rukuni kake zubawa ba. Samfuran yamma na masu estrojin za su iya haure ma'auni mafi girma. Ka tanadi siram da za ka tsarma ka sake. Duk samfurin da ramukansa biyu suka bambanta da fiye da kashi 15 cikin ɗari, maimaita shi.

Ga abin da ake sa ran gani in komai ya tafi daidai. Marasa estrojin, LH ɗinsu a sama yake safe da yamma, domin an cire abin da ke danne shi, kuma yana hawa da sauka a-kai-a-kai, shi ya sa adadinsu ke warwatse. Masu estrojin, da safe ƙasa, da yamma sama sosai. Masu estrojin da PCPA, safiyarsu kamar ta 'yan'uwansu, amma tashin yamman ya ragu ko ya ɓace. A rukunin marasa estrojin kuwa, PCPA ba lallai ya yi wani abin a-zo-a-gani ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, shi ne ainihin abin da ake nema: tasirin serotonin a kan LH ya danganta da ko akwai estrojin.

Don haka lissafin da ya dace shi ne ANOVA, gwajin ƙididdiga na kwatanta rukunoni, mai hanya biyu, estrojin a gefe, PCPA a gefe, ka duba haɗuwarsu; in kana da jinin safe da na yamma daga dabba ɗaya, a saka lokaci a matsayin awon da aka maimaita. ANOVA mai hanya ɗaya a kan rukuni shida ba za ta amsa tambayar ba. In adadin ya karkata gefe guda, juya shi zuwa logaridim kafin lissafi. A jadawalinka ka nuna ɗigon kowace ɓera, ba matsakaici kaɗai ba, ka kuma rubuta sa'ar kunna fitila da kashe ta, da sa'ar kowace allura, da adadin ɓerayen da ka cire daga gwajin tare da dalilin cire kowacce.